Fankokin Lantarki Masu Iyo a Kan Teku: Yadda Suke Tsayuwa da Abin da Ya Hana Su Yawaita

Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin samar da wutar lantarki waɗanda ba sa buƙatar a ƙona mai ko gas ko kwal, iska tana sahun gaba. Mai karatu ya sha ganin hotunan waɗansu dogayen fankoki farare masu fukafukai uku, an jera su a fili ko a cikin ruwa. Iska ce ke juya fukafukan, su kuma su juya janaretan da ke cikin akwatin da ke ƙolin hasumiyar, sai wuta ta samu. Idan aka tara irin waɗannan fankoki da yawa a wuri guda, Turawa kan kira wurin da sunan gona, wato gonar iska, domin kuwa girbi ake yi, sai dai abin da ake girba ba hatsi ba ne.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan sabon nau'in wannan gona, wadda fankokinta ba a kafa su a ƙasa ba, ba a kuma kafa su a ƙasan teku ba. Iyo suke yi a kan ruwa kamar jirgi, an ɗaure su da sarƙoƙi. Da jin haka tambayar da za ta fara zuwa wa mutum ita ce: yaya abu mai tsawon bene hawa hamsin zai tsaya a kan ruwa bai kife ba? Za mu ga cewa an daɗe da amsa wannan tambaya, kuma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Me ya kai fanka cikin teku?

Dalili na farko shi ne ƙarfin iska. A tudu akwai duwatsu da itatuwa da gine-gine da ke karya ta, amma a teku babu abin da ke tare mata hanya, don haka ta fi ƙarfi, ta kuma fi ɗorewa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, saboda wata ƙa'ida da masana kimiyya suka tabbatar: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta ba sau biyu yake ninkawa ba, sau takwas ne. Ke nan iskar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na mai gudun mita 5 har sau takwas. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin za mu sake komawa kansa. Dalili na biyu kuwa shi ne fili. A ƙasashen Turai da Japan ƙasa ta yi tsada, kuma jama'a ba sa son a kafa musu fanka a bayan gida saboda ƙara da kuma tare musu gani.

Ƙasar Denmak ce ta fara kafa gonar iska a cikin teku a shekarar 1991, a wani wuri da ake kira Vindeby. Fankoki 11 ne, kowace tana ba da kilowat 450 kacal, kuma ruwan wurin bai wuce 'yan mitoci ba. Ta yi aiki har zuwa 2017 kafin a kwance ta. Dabarar da aka fi bi tun daga lokacin ita ce a samu ƙaton bututun ƙarfe a buga shi da guduma cikin ƙasan teku, kamar yadda ake kafa turke, sannan a ɗora hasumiyar a kansa. Wannan dabara ta yi nasara ƙwarai a Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Denmak da Jamus da Holan, saboda Allah ya yi wa tekun faffaɗan yanki marar zurfi.

To amma turke yana da iyaka. Da zarar zurfin ruwa ya doshi mita 60, ƙarfen da za a buƙata da wahalar kafa shi sukan sa kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu. Gonar Seagreen da ke gaɓar Sikotland ta kafa wata ƙafa a zurfin sama da mita 58 a 2023, aka yi ta ba da labari saboda ba a taɓa kai wa nan ba. Alhali kuwa ƙiyasin da masana wannan fanni suka fi ambata shi ne kimanin kashi 80 cikin ɗari na iskar teku mai amfani tana kan ruwan da ya zarce mita 60 ne. Ƙasashe irin su Japan da Norwe da Fotugal, da gaɓar Kaliforniya a Amurka, da mafi yawan Bahar Rum, da ka ɗan yi nisa da gaɓa sai ƙasa ta zurma. A irin waɗannan wurare ko dai fanka ta yi iyo, ko kuma a haƙura.

Yadda ake hana ta kifewa

Tunanin ba sabo ba ne. Wani farfesa a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, William Heronemus, ya kawo shawarar tun a 1972, sai dai a lokacin ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Waɗanda suka share fagen a aikace su ne kamfanonin haƙar mai, domin sun shafe shekaru da dama suna girke manyan dandamali masu iyo a kan ruwa mai zurfi. Kusan duk dabarun da ake amfani da su a yau daga wurinsu aka aro.

Dabara ta farko, wadda ta fi sauƙin fahimta, kowa zai iya gwada ta a gida. A samu doguwar kwalba a zuba mata yashi zuwa kusan rabi, a toshe bakin, a jefa ta cikin randa. Za a ga ta tsaya cak, gindinta a ƙasa, kuma ko an tura ta gefe sai ta dawo ta miƙe. Sirrin shi ne nauyin yana can ƙasa, iskar da ke ɗaga ta kuma tana sama. Haka aka yi a gonar Hywind Scotland, wadda kamfanin Statoil na Norwe, wanda yanzu ake kira Equinor, ya buɗe a watan Oktoban 2017 tare da kamfanin Masdar na Abu Dhabi. Ita ce gonar iska mai iyo ta farko a duniya: fankoki 5, kowace megawat 6, jimilla megawat 30, kimanin kilomita 25 daga garin Peterhead, a kan ruwa mai zurfin mita 95 zuwa 120. Kowace fanka tana zaune a kan bututun ƙarfe da ya nutse mita 78 cikin ruwa, an cika gindinsa da dubban tan na tama da ruwa. Daga fuskar ruwa zuwa ƙarshen fiffike idan ya miƙe sama mita 175 ne, wato ya ɗara ginin NECOM na Legas tsayi. Sarƙoƙi uku ne ke riƙe da kowace, an ɗaure su a jikin wasu manyan gwangwanaye da aka kifa a ƙasan teku aka zuƙe ruwan cikinsu har suka nutse cikin laka.

Aibin wannan dabara shi ne tana son ruwa mai zurfi tun daga wurin haɗa ta. Abin da ya nutse mita 78 ba zai shiga tashar jiragen ruwa irin wadda aka saba da ita ba. Norwe ta yi dace da mashigan teku masu zurfin gaske a tsakanin duwatsu, inda ruwa ke kwance babu igiya, shi ya sa a can aka haɗa fankokin, a Stord, sannan jirage suka jawo su a tsaye har Sikotland.

Dabara ta biyu ta dogara ne ga faɗi, ba ga zurfi ba. Masunci da ya kwanta a kan gora ɗaya yana iya juyewa, amma da za a haɗa gora uku da sanduna a baje su nesa da juna, da wuya su kife, domin duk wadda aka danna sai ruwa ya turo ta sama. Kamfanin Principle Power ya gina dandamali mai manyan ganguna uku na ƙarfe, aka ɗora fankar a kan ɗaya daga cikinsu. Akwai famfo da ke tura ruwa daga wannan ganga zuwa waccan don daidaita nauyi idan iska ta sauya alƙibla. An gwada shi da fanka ɗaya mai megawat 2 a gaɓar Fotugal daga 2011 zuwa 2016, sannan a 2020 aka kammala gonar WindFloat Atlantic mai fankoki 3 da megawat 25 kusa da Viana do Castelo. Da yake ba ya nutsewa sosai, ana iya haɗa komai a bakin tasha a ja shi zuwa teku, kuma wannan ne ya sa mafi yawan ayyukan da ake shiryawa suka karkata ga wannan fasali, duk da cewa yana cin ƙarfe da yawa.

Ta uku kuwa kamar a danna jarka marar komai cikin ruwa ne a ɗaure ta da igiyoyi a ƙasa. Jarkar tana son tasowa, igiyoyin sun hana ta, sai su ɗaure tamau, ita kuma ta kasa motsi. Faransa ta yi amfani da wannan a gonar Provence Grand Large mai fankoki 3 a Bahar Rum. Ba ta girgiza sosai, amma rayuwarta duka tana hannun igiyoyin.

Akwai wata matsala da ta ba injiniyoyi wahala, wadda ba ta da alaƙa da igiyar ruwa ko kaɗan, kuma tana da ban sha'awa. Kowace fanka ta zamani tana da kwamfuta da ke murɗa fukafukai idan iska ta yi yawa, domin a rage abin da suke kamawa kada janareta ya wuce ƙima. A kan tudu wannan daidai ne. Amma a ce fanka mai iyo ta ɗan rusuna gaba, ta nufi inda iskar ke fitowa. A wurin fukafukan sai ya zama kamar iskar ta ƙaru, kamar yadda mai gudu a kan babur ke jin iska ta fi ƙarfi. Nan take kwamfuta za ta murɗa fukafukai, turin da iskar ke yi wa fankar baya ya ragu, sai ta ƙara faɗawa gaba. Idan ta juyo baya kuma akasin haka ya faru. Ke nan na'urar da aka sa don kariya ita ce ke ƙara mata lilo. Sai da aka sake tsara kwamfutar ta yadda za ta san motsin dandamalin, har ma ta yi amfani da fukafukan wajen kwantar da shi. Fanka ta farko mai cikakken girma da ta tabbatar da haka ita ce wadda aka girke a gaɓar Karmøy ta Norwe a 2009, mai megawat 2.3, a kan ruwa mai zurfin mita 220.

Shin sun yi aiki?

Sun yi, har sun ba da mamaki. Hanyar da ake auna fanka ita ce a kwatanta wutar da ta bayar a shekara da wadda za ta bayar da a ce ta yi aiki da cikakken ƙarfinta dare da rana. Fankokin tudu da yawa ba sa wuce kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari. Hywind Scotland ta samu kimanin kashi 54 a shekarunta biyar na farko, abin da ya sa ta yi ta zama zakara a tsakanin gonakin iskar tekun Birtaniya. Watanni biyu da buɗe ta guguwar Caroline ta afka mata da iska mai gudun sama da kilomita 160 a awa da igiyar ruwa mai tsayin mita 8. Fankokin suka tsayar da kansu, guguwa ta wuce, suka ci gaba da aiki.

A 2023 Norwe ta buɗe Hywind Tampen, mai fankoki 11 da megawat 88, kimanin kilomita 140 daga gaɓa, a zurfin mita 260 zuwa 300. A nan da kankare aka yi bututun maimakon ƙarfe. Wani abin lura shi ne wutar ba gidajen jama'a take zuwa ba. Dandamalin haƙar mai guda biyar na rijiyoyin Snorre da Gullfaks take ba wa, inda aka tsara ta biya kusan kashi 35 cikin ɗari na buƙatarsu, ta rage gas ɗin da suke ƙonawa. Masu rajin kare muhalli sun yi ta tsokaci cewa an sa iska tana taya haƙo mai, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ta fuskar kasuwanci dabarar tana da ma'ana, domin wutar da ake samarwa a kan dandamalin mai tana da tsada tun asali. Ƙasar Sin ma ta bi wannan hanya a 2023, inda kamfanin mai na CNOOC ya haɗa fanka mai iyo da rijiyoyinsa da ke kusa da tsibirin Hainan.

Ba ko'ina aka dace ba. Bayan bala'in tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, gwamnatin Japan ta girke fankoki uku masu iyo a gaɓar yankin tsakanin 2013 da 2016, don su zama alamar farfaɗowa. An kashe kimanin yen biliyan 60. Babbar cikinsu, mai megawat 7, ta yi ta lalacewa, wutar da ta bayar ba ta taka kara ta karya ba. Zuwa 2021 an kwashe su duka.

Inda gizo ke saƙa

A ƙarshen 2024 ƙarfin duk fankokin da ke cikin tekunan duniya ya haura megawat 80,000. Daga ciki, masu iyo ba su kai megawat 300 ba. Shekara goma sha biyar bayan gwajin Karmøy ke nan. Me ya sa?

Amsar ita ce tsada. A gwanjon da gwamnatin Birtaniya ta yi a 2024, an yi wa gonakin da ake kafawa a ƙasan teku alkawarin farashin da bai kai fam 60 ba a kan kowane megawat na awa guda, amma aikin Green Volt mai iyo sai da aka ba shi kusan fam 140, duka a ƙimar kuɗin 2012. Ya ninka fiye da sau biyu ke nan. Ita ma Hywind Tampen an fara ta da ƙiyasin kusan kurona biliyan 5, aka ƙare a sama da biliyan 7, kuma da ba don tallafin kurona biliyan 2.3 daga asusun gwamnati ba da wuya a fara ta. Faransa ta ba da wani aiki mai megawat 250 a kudancin Britaniyar Faransa a 2024 a kan kusan yuro 86, farashin da ya ba mutane mamaki, sai dai alkawari a takarda daban, gini a teku daban.

Wani ɓangare na tsadar daga kayan aiki ne. Dandamali ɗaya yana cin dubban tan na ƙarfe ko kankare. Ga sarƙoƙi, ga kuma wayar da ke ɗauko wutar, wadda dole ta jure lanƙwasa dare da rana har shekara ashirin da biyar. Ba a barin ta ta sauka kai tsaye, ana ɗaura mata 'yan tulluna masu iyo a tsakiya domin ta yi doro a cikin ruwa, ta riƙa miƙewa tana takurewa yayin da fankar ke motsi.

Amma a ganina babbar matsalar tana bakin gaɓa ne, ba a tsakiyar teku ba. Abin da ya karya farashin fankokin tudu da faranten hasken rana shi ne ƙera abu iri ɗaya dubbai. Su kuwa masu iyo har yanzu akwai fasali iri-iri da kamfanoni ke tallatawa, kowa na cewa nasa ne ya fi, ba a tsaya a kan ɗaya ba balle masana'antu su zuba jari. Sannan gona mai megawat 1,000 tana buƙatar dandamali sittin ko saba'in, kowanne faɗinsa ya kusa filin ƙwallo. Ina za a ƙera su, ina za a ajiye su kafin a ja su? Ana buƙatar tasha mai zurfi, mai faffaɗan fili, mai daɓen da zai ɗauki nauyi, da injin ɗaga kaya da zai kai akwatin janareta sama da mita 100. Tashoshin da suka cika waɗannan sharuɗɗa ba su da yawa. Masu tasha ba za su kashe kuɗi ba sai sun ga ayyuka a hannu, masu ayyuka kuma ba za su sa hannu ba sai sun ga tasha.

Sai kuma gyara. Fankar da aka kafa a ƙasan teku, idan babban abu ya lalace, akan kawo jirgi mai ƙafafu ya taka ƙasa ya ɗaga kansa sama da ruwa ya yi aiki. A zurfin mita 100 babu ƙafar da za ta kai. Ga fanka tana lilo, ga jirgi yana lilo, a ce a sauke ƙarfe mai nauyin tan ɗari daga ƙoli. Shi ya sa a 2022 aka kwance ɗaya daga fankokin gonar Kincardine da ke kusa da Aberdeen aka ja ta har Rotterdam ta ƙasar Holan. A 2024 kuma duka fankoki biyar na Hywind Scotland sai da aka mayar da su Norwe aka yi musu babban gyara na tsawon watanni. Idan fanka biyar ce ana iya jurewa, amma wa zai riƙa jan saba'in? An ɗan samu haske a wannan shekarar ta 2024, lokacin da aka sauya janaretan wata fanka a Kincardine tana nan a wurinta, da wani injin ɗaga kaya da aka ɗaura a jikin ita kanta fankar.

Masunta ma suna da tasu damuwar, domin sarƙoƙin kan bazu ɗaruruwan mitoci a kewayen kowace fanka, kuma mai jan koma a ƙasan teku ba shi da wurin bi. Ta wani gefen kuwa an huta da bugun guduma, wanda ƙararsa ke cutar da kifaye da manyan dabbobin ruwa. Siyasa ita ma tana da hannu: a watan Disambar 2022 kamfanoni sun biya dala miliyan 757 don hayar wurare biyar a tekun Kaliforniya, sai ga shi a watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da ba da sabuwar haya don gonakin iska a tekun Amurka.

Ina Nijeriya a ciki?

Ɗalibi zai iya tambaya, tunda muna da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, ga kuma ƙarancin wuta, me zai hana mu shiga? Ta fuskar sanin aikin ruwa mai zurfi ba mu zama baƙi ba. Tun 2005 ake haƙo mai a rijiyar Bonga a zurfin sama da mita 1,000 da jirgi mai iyo da aka ɗaure da sarƙoƙi, kuma a Legas aka ƙarasa haɗa jirgin Egina a 2018. Masu walda da masu nutso da injiniyoyin da suka yi waɗannan ayyuka irinsu ake nema a wannan sabuwar sana'a.

Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ita kanta iskar. Mashigin Gini yana kusa da tsakiyar duniya, inda iska ke da sanyin jiki a mafi yawan shekara. A nan ne lissafin da muka yi a baya zai dawo: fankar da aka saya da kuɗi ɗaya, idan aka girke ta inda gudun iska ya kai rabin na Tekun Arewa, ƙarfin da zai iso ga fukafukanta kashi ɗaya ne cikin takwas. Taswirar iska ta duniya ta nuna cewa a Afirka wuraren da suka fi dacewa su ne gaɓar Maroko da Muritaniya, da Namibiya da Afirka ta Kudu, da kuma gaɓar Somaliya. A cikin gida kuwa iskar tudun Jos da ta arewa mai nisa ta fi ta bakin teku, shi ya sa aka kai gonar iska mai megawat 10 Lambar Rimi a Jihar Katsina, ba Legas ko Fatakwal ba.